Yaro ɗaya, ofisoshi biyu: abin da na gani a rainon ɗana

Ɗana na uku shekararsa 13 yanzu. Ba ya tafiya, hannunsa na dama bai cika yi masa biyayya ba, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Yana zuwa makaranta a kekensa, yana da abokai, in kuwa tsokana ce ya fi yayyensa iyawa. Na daɗe ina so in ba da labarinmu saboda iyayen da yanzu suka shigo wannan hanya, musamman ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato yadda yaro irin nawa yake rayuwa a tsakanin hukumomi biyu, ta lafiya da ta walwalar jama'a, da abin da ke samunsa in suna magana da juna da in ba sa yi.

Naƙudarsa ta yi tsawo, da aka haife shi kuma bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama. Daga baya likitan yara ya zaunar da mu ni da mahaifinsa, ya ce a wannan ɗan tsakanin iskar oksijin ba ta isa ƙwaƙwalwarsa yadda ya kamata ba, sai ɓangaren da ke sarrafa motsi ya samu rauni. Raunin ba zai ƙaru ba, in ji shi, kuma ba zai warke ba. Abin da ake tsoro shi ne jiki ya taɓarɓare: jijiyoyi su sanƙare, gaɓoɓi su lanƙwashe su ƙi miƙewa, ƙashin ƙugu ya zame daga gurbinsa, ƙashin baya ya karkace. Duk aikin da za a yi na tare wannan ne, da koya wa yaron amfani da abin da Allah Ya bar masa. Yana shiga shekara ta biyu farfaɗiya ta biyo baya, wadda aka ce tana samun kusan ɗaya cikin uku na yara masu irin lalurarsa.

Mutanen asibiti sun yi nasu, ba zan ci haƙƙinsu ba. An sa mu a layin gashi, wato motsa gaɓoɓi da ake yi a asibiti, an koya mini yadda zan riƙa miƙa masa ƙafafu da hannaye safe da yamma, an ɗora shi a kan maganin farfaɗiya. Sai dai duk abin da ya wuce ƙofar asibiti, amsarsu ɗaya ce: “Maman yaro, wannan ba namu ba ne, ki je ofishin walwala.” Keke, kujerar zama, taimakon kuɗin mota, maganar makaranta, duk can ne.

Na je. A can aka ce kafin a yi masa rajista sai na kawo rahoton likita. Likita ya rubuta layi biyu, sunan lalurar da sunan maganin da yake sha, ya buga hatimi. Da na kai aka ce bai yi ba, domin fom ɗinsu ba sunan ciwo yake tambaya ba. Yana tambaya ne ko yaron yana iya zama da kansa, ko yana ci da hannunsa, ko yana iya faɗa in zai zaga, da kuma awa nawa ake kashewa a kansa a wuni. Na koma asibiti da fom ɗin, likita ya juya shi ya ce ba aikinsa ba ne cike takardar wata ma'aikata, kuma gaskiyarsa, ga layin marasa lafiya har waje. Kafin a samu wanda zai cike, rahoton farko ya tsufa, aka ce a sake wani. Haka na zama ɗan aike tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ina ɗaukar saƙon da rabinsa ban fahimta ba, ina goye da yaron da kullum yake ƙara nauyi. Kowane ofishi sai na sake ba da labarin haihuwarsa tun daga farko, a gaban baƙi, shi kuma yana jina. Yaro ne mai fahimta, ko da baki bai buɗe ba kunne yana aiki.

Akwai lokacin da muka daina zuwa gashi na wasu watanni. Bayana ya riƙe, mahaifinsa yana wurin nema, ga ƙanwarsa jaririya. A katinsa aka rubuta cewa iyaye sun daina kawo shi, shi ke nan. Ba wanda ya tambayi dalili. Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokacin ofishin walwala yana da tsarin taimaka wa iyalai irin namu da abin hawa zuwa asibiti, amma ba su san yaron yana da gashi duk mako ba, masu gashin kuma ba su san da tsarin ba. Da muka koma, ƙafarsa ta hagu ta riga ta ƙi taka ƙasa da dunduniya.

Maganar keke ita ce ta fi tsaya mini a rai. An kira mu rabon kekunan guragu, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, muka dawo gida muna murna. Keken na babban mutum ne. In na zaunar da shi sai ya zame gaba, ƙafafunsa na reto ba su kai mataki ba, kansa ya faɗa gefe. Na riƙa cusa masa matasai ina ɗaure shi da ɗankwali, ina ganin ai ya fi goyo. Ranar da na kai shi gashi a ciki, malamin da ke duba shi ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Hajiya, wa ya auna shi?” Na ce ba wanda ya auna shi. Ya ɗaga masa riga ya nuna mini inda fata ta fara ja a ƙasan bayansa, ya ce nan gaba kaɗan gyambo ne, kuma zaman da yake yi a karkace yana tura ƙashin ƙugu waje, yana lanƙwasa ƙashin baya. Shi ne ya fara gaya mini cewa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke, matakai takwas: a turo mutum, a duba shi, a tantance irin keken da ya dace da shi, a nemo kuɗi a yi oda, a haɗa keken, a gwada shi a jikinsa a daidaita, a koya masa da masu kula da shi yadda ake amfani da shi, sannan a ci gaba da bibiya da gyara. A cikin takwas ɗin nan, ofishin walwala na huɗu kaɗai ya yi, saboda shi ne ke hannunsa. Yawancin sauran aikin masu gashi ne, su kuma ba su da kasafin sayen ko da taya ɗaya. Ban ga mugunta a wurin kowa ba. Mai kuɗi bai iya awo ba, mai awo ba shi da kuɗi, a tsakaninsu kuma bayan ɗana ne yake karkacewa.

Malamin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi abin da ba a taɓa yi mana ba. Maimakon ya ba ni wata takardar in kai, sai ya nemi izinina ya ɗauki waya ya kira ofishin walwala da kansa. Ya yi sa'a ya samu wata jami'a da aka kawo ba da daɗewa ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta a gidanmu.

Zuwan nata ya bambanta da duk ganin likita da muka taɓa yi. Ta auna faɗin ƙofa, ta duba dakalin da ke bakin ɗaki, ta leƙa banɗaki, ta tambayi wa ke ɗaga shi da dare, ta tambayi ko yayyensa suna fashin makaranta saboda shi. Ta ce mini, “Yaya, ke kuma yaushe rabonki da barci mai kyau?” Ban iya ba ta amsa ba. Ta zauna har lokacin cin abincinsa, kuma a nan ta lura da abin da ni na saba da shi har na daina gani: duk loma sai ya yi tari, in ya sha ruwa sai ya ƙware, muryarsa ta koma kamar mai kurkure. Ba ta ce ta san dalili ba, ta dai rubuta ta aika asibiti. Da aka duba shi aka gano haɗiyarsa ce ba daidai ba, wani abu daga abin da yake ci yana bi ta hanyar iska ya sauka huhu. Ashe ciwon ƙirjin da ke kwantar da mu asibiti a kai a kai daga nan yake. Aka koya mini in zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in kaurara masa abin sha. Kwanciyar asibiti ta ragu sosai. Likitan da ke ganinsa na minti goma a ɗakin duba marasa lafiya ba shi da hanyar ganin wannan, tunda ba a cin abinci a gabansa.

Daga nan aka fara zama na haɗin gwiwa a kansa lokaci zuwa lokaci: likitan yara ko nas ɗinsa, malamin gashi, jami'ar walwala, daga baya har da malamar makaranta, sai mu iyaye. A zaman farko na takura, ina ganin manyan mutane sun taru saboda mu. Amma abin da ya fito ya sauƙaƙa mini rayuwa fiye da duk wani taimako da na taɓa karɓa. An rubuta tsari ɗaya a takarda ɗaya, kowane aiki da sunan wanda zai yi shi da lokacin da za a waiwaye shi. An ce jami'ar walwala ce za ta zama mai riƙe da zarenmu, duk abin da ya taso ita zan kira, ita za ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. An amince ba za a sake saya wa yaro keke ko kujera ko takalmin gyaran ƙafa ba sai da awon masu gashi, kuma su za su gwada shi a jikinsa kafin a tafi da shi gida. In muka yi fashin gashi sau biyu a jere, asibiti za su sanar da ita ta zo ta ji lafiya, ba a rubuta mana laifi ba. In maganin farfaɗiya ya kusa ƙarewa kuma hannu bai kai ba, ita za ta shiga tsakani, domin yanke wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya mai tsanani wadda ba ta tsayawa da kanta.

Har fom ɗin nan da ya wahalar da ni aka gyara. Sun koma ga wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001, wanda ba ya tsayawa ga sunan ciwo, yana duba abin da jiki ke iya yi, da abin da mutum ke iya aiwatarwa a rayuwarsa ta yau da kullum, da abin da ke kewaye da shi da ke taimakonsa ko tare masa hanya. A wannan tsarin, dakalin bakin ɗakinmu yana shiga lissafi kamar yadda sanƙarewar jijiya ke shiga. Likita yana cike nasa ɓangaren, jami'a ta cike nata, ba wanda ke mayar da ni.

Saƙo kuma ba ta hanya ɗaya yake bi ba. Wata rana nas ta ga ina kuka a layin magani ba tare da wani ya taɓa ni ba. Ta sanar da jami'ar, ita kuma ta haɗa ni da ƙungiyar iyayen yara masu buƙata ta musamman, ta kuma samo mana wata ma'aikaciyar unguwa da aka horar, wadda ke zuwa gida ta taya ni motsa masa jiki, wani lokaci ta zauna da shi in samu in fita. Irin wannan aiki na kai gyara cikin al'umma ba sabo ba ne. Ya samo asali ne bayan taron Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko, kuma ƙa'idojinsa da aka fitar a 2010 sun kasa shi gida biyar: lafiya, ilimi, hanyar samun abinci, zamantakewa, da ƙarfafa wa mutum gwiwa ya tsaya wa kansa. Duk wanda ya dubi biyar ɗin nan ya san ba ma'aikata ɗaya ce za ta iya su ba.

Shigarsa makaranta ma da hannu biyu aka yi ta. Shugaban makarantar ya ji tsoro, ba don ƙyama ba, yana tsoron yaro ya faɗi a hannunsu. Nas ta je ta koya wa malamai abin yi in farfaɗiya ta tashi: a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, a duba agogo, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Ofishin walwala ya tsaya aka yi gangare a bakin aji, aka gyara banɗaki ɗaya. Malamin gashi ya faɗi tsawon teburin da zai yi daidai da kekensa. Da ɗaya daga cikinsu ne kaɗai ya je, na tabbata da haƙuri za a ba mu.

Akwai abin da bai kwanta mini ba a wannan haɗin kai, kuma zan faɗe shi. In ofisoshi suka fara musayar bayani, sirrin gidanka ne yake yawo. Jami'ar ta san abin da mahaifin yaron ke samu, ta san lokacin da muka samu saɓani, ta san na taɓa shan maganin damuwa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na yarda, amma ba kowa ne ya kamata ya shigo wurin wankan ba. Malamar makaranta tana buƙatar sanin farfaɗiyarsa, ba ta buƙatar sanin zaman aurena. Na faɗi haka a zama, aka kuwa saurare ni. Tun daga nan ba a aika wani bayani daga ofishi zuwa ofishi sai an nuna mini abin da aka rubuta na sa hannu. Ina shawartar kowace uwa ta nemi wannan tun ranar farko. Sannan da yaron ya girma na roƙi a riƙa shigo da shi zaman, a tambaye shi kai tsaye, a jira amsarsa ko da za ta ɗauki lokaci. Shi ne ya ce takalmin gyaran ƙafa yana cizonsa a idon sawu, bayan mu manya duk mun yaba shi.

Bayan wasu shekaru aka yi wa jami'ar nan canjin wurin aiki. A cikin 'yan watanni komai ya nemi komawa gidan jiya. Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, amma bai tarar da wata takarda da ta wajabta masa zama da mutanen asibiti ba, ga fayil-fayil sun yi masa yawa. Zama ya tsaya, aka sake ce mini in kawo rahoton likita. A nan na gane cewa duk alherin da muka samu a kan kirkin mutum biyu yake tsaye, malamin gashi da jami'a, ba a kan doka ba.

Mu iyaye muka taru muka rubuta wa shugabannin ɓangarorin biyu. Wani uba a cikinmu, mai bin diddigin irin waɗannan abubuwa, shi ya kawo mana hujjoji. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta keɓe sashe na 23 ga yara masu naƙasa. Ta haƙƙin naƙasassu ta 2006 kuma ta yi maganar yara a sashe na 7, lafiya a na 25, gyara da horarwa a na 26, kariyar zamantakewa a na 28, kuma sashe na 26 ɗin ya ce a fara da wuri, bisa tantancewar masana daga fannoni daban-daban. Ya kuma karanto mana rahoton UNICEF na 2021 da ya ƙiyasta yara masu naƙasa a duniya sun kai kusan miliyan 240, wato kamar ɗaya cikin kowane yara goma. Ni dai da na ji adadin, abin da ya faɗo mini shi ne iyaye mata nawa ne ke yawo da takarda a hannu daga wannan ofishi zuwa wancan. Buƙatunmu ba su da yawa: a rubuta yarjejeniya tsakanin asibiti da ofishin walwala, a sa zaman haɗin gwiwa cikin aikin kowa ba alfarma ba, in za a canja jami'i ya miƙa fayil hannu da hannu a gaban iyaye, kuma a fayyace wa zai biya me. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin lokaci, domin kowane ɓangare da nasa kasafin, kuma kowa yana so kujera ta musamman ko takalmin ƙafa ya faɗa a lissafin ɗan'uwansa. Masu lafiya su ce kayan taimako ne, masu walwala su ce kayan jinya ne. An dai samu matsaya, an sa hannu, zama ya dawo. Ba kullum ake cika alkawari ba, amma yanzu in an saɓa akwai takardar da zan ɗaga.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne shekara 18. Ranar da ya kai ta, asibiti za su fitar da shi daga sashen yara, ofishin walwala ma ya cire shi daga rajistar yara, makaranta ta ƙare, duk a kusan lokaci ɗaya, alhali farfaɗiyarsa da ƙugunsa da haɗiyarsa suna nan yadda suke. Na ga yadda abin ya yi wa wasu iyalai a ƙungiyarmu, suka koma sabon layi kamar ba a taɓa saninsu ba. Saura shekara biyar, amma na riga na sa maganar a cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, na kuma roƙi a gayyato likitan manya da jami'in da ke kula da koyon sana'a, su fara saninsa tun yanzu. Shi kuma ya ce a rubuta cewa kwamfuta yake so ya koya.